Sarkin Fito da Gadar da Ya Ƙi

An ce wai an yi wani ƙaramin gari ana kiransa Kanyar Fito, wanda Allah ya zaunar da shi a gaɓar kogin Marke. Da rani kogin nan rairayi ne kawai, jakuna su ratsa shi ko kofato ba su jiƙa ba. Amma da zarar damina ta kankama sai ya cika ya batse, ya yi jawur, yana ruri har daga kasuwa ana jiyo shi. Asibiti da kasuwa da makaranta suna cikin gari, gonaki da ƙauyuka kuwa suna ƙetare. Saboda haka duk mai son hayewa, manomi ne ko mai naƙuda, tilas ya biyo ta hannun masu fito.

Shugaban masu fiton nan shi ne Sarkin Fito Anaruwa. Sarautar gadonta ya yi daga ubansa, uban kuma daga kakansa. Mutum ne dogo mai faɗin ƙirji, ba ya dariya sai da dalili. Duk shekarun da ya yi yana tuƙa kwale-kwale, ko akuya kogi bai taɓa ƙwacewa daga hannunsa ba, ya san haka, ya kuma tabbatar kowa ya sani. Da rani mutane kan wuce shi da sannu ɗaya tak. Da damina kuwa, ko hakimi ne ya zo mashigi sai ya tsaya ya jira Anaruwa ya gama cin goronsa.

Ana nan sai ƙaramar hukuma ta samu sabon ciyaman, Alhaji Rilwanu, mutum mai zafin nama. Ya tara jama'a ya ce zai yi wa kogin Marke gada. Aka yi ta guɗa da kabbara. Ba a daɗe ba ma'aikata suka zo suka auna wuri, suka kakkafa turaku masu jan fenti a ka, layi biyu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kowa ya je kallo yana murna, sai mutum ɗaya. Anaruwa ya tsaya nesa yana duban turakun nan, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ba ladan fito kaɗai yake ji ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce a hannunsa sarautar kakanninsa ta mutu, ya zama sarkin abin da babu.

Da gari ya waye wata rana, sai aka ga babu turaku ko ɗaya. Aka sake awo, aka sake kafawa, suka sake ɓacewa. Haka aka yi ta yi har rani ya kusa ƙarewa, ko rami ɗaya ba a haƙa ba. Magana ta bazu cewa 'yan ruwa ne ba sa son aikin. Aka kawo malamai suka yi addu'a a wurin, aka yi sadakar waina. In an tambayi Anaruwa, a matsayinsa na wanda ya san kogi, sai ya girgiza kai ya ce, "Ni dai na gada ana cewa Marke ba ya son ƙarfe a cikinsa." Alhali kuwa turakun suna can jibge bayan rumbunsa, an rufe su da karan dawa.

To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Matarsa Tabawa mace ce da ba ta yarda ta ga itace yana zaman banza ba. Ran nan itacenta ya ƙare, ta leƙa bayan rumbu ta ga busassun turaku an fere su sumul, ta ce kai, Allah ya kawo sauƙi. Ta hura wuta ta ɗora tukunya. Can sai ga maƙwabciya ta shigo ɗiban wuta, kamar yadda mata suka saba. Tabawa ta zaro mata guda ɗaya daga murhu, gindinsa na ci, kansa ja wur. Matar nan ta fito da shi tsakar rana, ta ratsa ta gaban majalisar da kansila yake zaune da dattawa ƙarƙashin dalbejiya. Idanu dai suka bi turken har ya shige gida, sannan suka juyo suka dubi ƙofar gidan Sarkin Fito.

Aka kai magana gaban Alƙali Malam Ɗayyabu. Shi kuwa wani ɗan tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya, har sai an yi tsit kafin a ji abin da yake cewa. Ranar shari'a kotu ta cika, na waje sun fi na ciki yawa. Hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas.

Ciyaman ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mutumin nan ya cuci gari. Ya ɓata mana rani guda, ya sa mun ɗora wa aljanu laifin da ba su yi ba. Ina roƙon a kai shi gidan yari, ya zama darasi ga na baya."

Bai rufe baki ba sai masu fito suka miƙe gaba ɗaya. Babbansu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba shi kaɗai ba ne, duk da mu aka cire. In za a ɗaure, a ɗaure mu duka. In kuwa Sarki ya kwana a gidan yari, to bana babu jirgin da zai taɓa ruwa."

Mutanen ƙetare suka fara duban juna, don kowannensu yana da tsoho ko mai ciki a gida. Abu ya zama gaba kura baya siyaki. A ɗaure Anaruwa, a yanke rabin ƙasa daga asibiti har kaka. A sake shi, an nuna wa kowa aikin hukuma abin wasa ne. A ci shi tara, ya ƙara wa talakawa ladan fito ya fanshe. Anaruwa ya san da haka sarai, shi ya sa yake durƙushe amma ƙirjinsa a buɗe.

Alƙali ya dube shi ya ce, "Sarkin Fito, kai ka cire?"

Ya ce, "Ni ne, Allah ya gafarta Malam. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"To, ina da tambaya, ba ta shari'a ba ce. Gadar nan, kana yawan tunaninta?"

Anaruwa ya ce, "Da ita nake kwana, da ita nake tashi. In ina cin tuwo tana cikin akushi. Ko salla na tayar, Shaiɗan ba ya kawo mini komai sai ita."

Alƙali ya juya wajen ciyaman. "Kai fa, Alhaji?"

Ciyaman ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai abubuwan da yawa. Ga hanyar kasuwa, ga famfuna, ga rufin makaranta. Amma duk ranar taron majalisa sai an taɓo ta."

Alƙali ya gyaɗa kai. Ya tambayi ɗan kwangilar gadar, shi ma ya ce yana da ayyuka a garuruwa da dama, yakan tuna da wannan in ya biyo ta nan. Mutane suka fara gunaguni, suna cewa tsufa ya fara taɓa Malam, me ya haɗa shari'a da tunani?

Sai alƙali ya gyara zama ya ce, "Ga hukunci. Masu fito, kun ce da ku aka yi, na karɓi iƙirarinku. Ba zan ɗaure kowa ba, ba zan ci kowa tara ba, ba zan taɓa rawanin Sarkin Fito ba. Amma tun da kun hana mutane hanya, ku za ku zama hanyarsu. Daga ruwan farko, duk wanda ya zo mashigi ku haye da shi kyauta, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba lada, ba goro. Haka za ku yi bana, haka za ku yi baɗi in ta kama, har ranar da zan taka gadar Marke da ƙafata in haye. Ran nan hukunci ya faɗi."

Ciyaman ya fita yana huci, ya ce wannan ai lallashi ne. Anaruwa kuwa har da ɗan murmushi, abin da ba a saba gani ba. A ransa yana cewa, aikin da nake yi tun ina yaro shi ne horo? Ashe kaifin Malam a baki ne kawai.

Bai san ɗan Adam da kyauta ba. Da damina ta sauka, mutanen da a da sai da dalili suke hayewa suka mai da kogi tsakar gida. Wani ya haye ya gai da surukinsa, ya dawo, ya tuna bai tambayi lafiyar akuyarsu ba, ya koma. Wata ta haye don aron daddawa. Samari suka riƙa shiga don shan iska. Anaruwa da mutanensa suka wuni riƙe da gwangwalar tuƙi, tafin hannu ya sale, kafaɗa ta riƙe. Gonakinsu kuma ciyawa ta cinye, don babu ranar zuwa noma. Da kaka ta yi, abin da Anaruwa ya girba ko rabin rumbu bai kai ba.

Tabawa ta ajiye masa ɗan tuwo ta ce, "Malam, in baɗi ma haka ce, sai dai mu dafa rawanin."

Ya ce, "Ke kika jawo, da kwaɗayin itacenki."

Ta ce, "Ni na hura, amma ba ni na tara ba."

Ya san gaskiya ta faɗa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda kogi bai taɓa ba shi ba.

Ruwa na janyewa, kafin ma'aikata su dawo sun tarar da Sarkin Fito zaune a kan rairayi yana jiransu. Shi ya riƙe musu turaku suna bugawa. Shi ya raba mutanensa gadin siminti da rodi. Yaro in ya kusanci turke da wasa sai ya ji tsawa daga nesa. Aiki ya tashi haiƙan, ginshiƙai biyu suka miƙe tsakiyar kogi, mutane suka ce lalle Malam ya san abin da yake yi. Sun ɗauka nan hikimar ta tsaya.

Ana wata ga wata. Wa'adin Alhaji Rilwanu ya cika, aka yi zaɓe, wani ya hau, Alhaji Tsalha. Garin nan kuwa yana da wata al'ada da ba a rubuta ba amma ba a taɓa saɓa ta: sabon ciyaman ba ya ƙarasa aikin tsohon ciyaman, don kada a ce wane ne ya yi. Shi ya sa in ka zaga Kanyar Fito za ka ga rumfunan kasuwa ba rufi, ga hasumiyar famfo ba tanki, ga kwalbati a inda babu hanya, kowanne da allon sunan mai shi yana tsatsa. Ɗan kwangila ya kwashe injinansa ya yi gaba. Ginshiƙan nan biyu suka tsaya cikin rairayi, balbelu na sauka a kansu. Mutanen gari suka ce Allah ya kyauta, kowa ya koma harkarsa, don sun saba.

Anaruwa ya tafi gidan alƙali, ya durƙusa a zaure. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi laifi, na kuma yi nadama, gari shaida ne. Yanzu ba ni na tsai da aiki ba. A dubi iyalina a sassauta mini."

Alƙali ya ce, "Sarkin Fito, ban ce sai ranar da ka yi nadama ba. Cewa na yi sai ranar da na taka gada."

"To in ba a gama ba har abada fa?"

"Sai ka yi ta fito har abada."

Idon Anaruwa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ni talaka, yaya zan yi da hukuma?"

Alƙali ya ce, "Mutumin da ya tsai da aikin hukuma rani guda, ba bindiga ba takobi, ina zaton zai iya tayar da shi."

Anaruwa ya fito ransa a ɓace, yana ganin bai taɓa haɗuwa da marar tausayi kamar tsohon nan ba. Amma maganar ta bi shi har gida ta ƙi sakinsa.

Washegari da hantsi mutane suka ga abin da ba su taɓa gani ba: masu fito ɗauke da kwale-kwale a ka, sun ratsa tsakiyar gari da shi, sun dire shi a ƙofar sakatariya. Anaruwa ya naɗa rawaninsa ya shiga ciki ya zauna, ya ɗora gwangwala a cinya. Da motar ciyaman ta iso, ya miƙe ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ya maganar gada?" Ciyaman ya ce ana dubawa. Da zai tashi aiki ya sake jin, "Ranka ya daɗe, a sauka lafiya. Ya maganar gada?"

Haka kullum. Bai taɓa zagi ba, bai taɓa tare hanya ba, balle a ce a kama shi. In ciyaman ya je ɗaurin aure, yana ɗaga kai daga fatiha zai ga Anaruwa. In ya je jana'iza, Anaruwa na sahun baya. Baƙin da suka zo daga babban birni suka riƙa tambayar me jirgi yake yi a kan tudu, ana ba su labari suna dariya. Mutanen ƙetare suka ji, suka fara zuwa suna zama tare da shi, wannan da tabarma, wannan da ƙwaryar fura.

Ran nan haƙurin ciyaman ya ƙare. Ya tsaya a bakin jirgin ya ce, "Sarkin Fito, ka bar ni in sha iska. Gadar nan ba tawa ba ce, ta Rilwanu ce."

Anaruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da na ƙi ta, na cire mata turaku, yau ta zama tawa, balle kai da jama'a suka zaɓa. Na tsufa a cikin Marke, ban taɓa ganin ya ɗauki mutum ya tsaya tambayar wa ya zaɓa ba. Ka ƙarasa ta, ka rubuta sunan da ka ga dama. Ni abin da nake nema a bar ni in je gona."

Ciyaman ya dubi taron da ke bayansa, ya dubi tsohon nan mai salallen hannu, kunya ta kama shi. Aka kira ɗan kwangila ya dawo. Masu fito suka yi gayya suka tara yashi da tsakuwa, ƙauyuka suka taya su. Duk da haka sai da Anaruwa ya sake shan wata daminar ta fiton kyauta, sannan a ranin da ya biyo aka zuba daɓen ƙarshe.

Ranar buɗewa duk ƙasar ta hallara. Aka yi jawabai, aka yanka ƙyalle. Sannan aka buɗa wa Malam Ɗayyabu hanya, ya ƙara tsufa, yana dogara sanda. Ya ce Sarkin Fito ya zo ya riƙe masa hannu. Suka taka a hankali, jama'a na biye, har tsakiyar gada. Nan ya tsaya, aka yi tsit don a ji shi.

Ya ce, "Ranar shari'a kun ce na tsufa, don na tambayi mutane tunaninsu. To ga dalili. Na daɗe a garin nan, na ga ayyuka da yawa an haife su da kiɗa, sun mutu ba mai yi musu wanka. Ba mugunta ke kashe su ba. Ciyaman yana da wa'adi, ɗan kwangila yana da wani garin, jama'a kuwa kowa yana jiran kowa. Na san gadar nan ba za ta rayu ba sai ta samu mutum ɗaya da ba zai iya cin tuwo da daɗi ba in tana kwance. Na duba masoyanta duka, na ga kowa yana tuna ta in ya samu sarari. Mutum ɗaya na samu da take cikin akushinsa, shi ne maƙiyinta. Ban ga amfanin in kulle irin wannan zuciya a gidan yari ba. Juya ta kawai na yi ta fuskanci gabas."

Anaruwa ya dubi alƙali. Sai a lokacin ya gane tun ranar da hadari ke leƙowa tsohon nan ya hango zaɓe, ya hango injinan da za a kwashe, ya hango jirgi a ƙofar sakatariya. Ashe ba shi kaɗai aka ɗaure ba, da shi aka ɗaure hukuma. Ciyamomin nan biyu, tsoho da sabo, suka sunkuyar da kai, wani dattijo ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

Da suka kai ɗaya gaɓar, alƙali ya saki hannunsa ya ce, "Na taka, na haye. Hukunci ya faɗi, jeka gonarka." Sannan ya waiwaya ya dubi ƙarƙashin gadar ya ce, kamar mai magana da kansa, "Gini dai an gama. Sai dai Marke yakan zo da kututture in ya cika, ita kuwa gada ba ta iya iyo ba. Amma wannan ba shari'ata ba ce."

Anaruwa ya koma gona, ya yi shuka da ruwan farko kamar kowa. Jirginsa na kife a gaɓa, sarauta ta zama suna kawai, abin da ya ji tsoro tun farko ya tabbata. Ya haƙura.

Cikin tsakiyar damina aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kogi ya taso da wata ƙatuwar bishiya da saiwarta, ya gicciya ta a jikin ginshiƙai. Tarkace ya taru a bayanta, ruwa ya fara tudu yana cin gaɓa, gada tana rawa. Jama'a suka yi cirko-cirko a baki suna salati. Aka aika sakatariya, aka ce za a kira taro. Labari ya iske Anaruwa yana noma. Ba wanda ya umarce shi, babu hukunci a wuyansa. Ya jefar da fartanya, ya zo a guje, ya birkito jirginsa ya tura cikin ruwan nan da ko kallonsa tsoro ne, mutanensa suka bi shi da igiyoyi da gatura. Mata suka rufe ido. Suna nutsewa suna ɓullowa, suna sara suna ja, har bishiyar ta saki, aka jawo ta gaɓa gunduwa-gunduwa. Da ya fito yana haki, bai dubi masu yi masa kabbara ba, sai da ya je ya shafa ginshiƙin ya tabbatar bai tsage ba.

Tun daga ran nan ƙaramar hukuma ta danƙa kula da gadar a hannun gidan Sarkin Fito, sarauta ta samu sabon aiki, ba a ma canja mata suna ba. Duk itacen da kogi ya kawo kuma nasu ne. Da yamma Tabawa ta ajiye masa tuwo, ta ce, "Malam, ci ka ji. Wannan da itacen gada na dafa shi, amma ba ya warin fenti."

Anaruwa ya yi dariya har da ƙyaƙyatawa, don wannan karon akwai dalili.

Shi ya sa masu hankali suke cewa, aikin jama'a maraya ne, ba ya girma a hannun masu sonsa daga nesa, sai a hannun wanda in aikin ya kwanta shi ma ba zai ci tuwo ba.